Filin Tambaya da Amsa: Wai da gaske akwai duniyar da ake ɓoye mana a sama?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙun da suka fi yawa duk kan abu ɗaya suka faɗo, sama da abinda ke cikinta, da zane-zanen mutanen da, da maganar wai akwai abinda manyan ƙasashe suka sani suke ɓoyewa. Na ɗauko guda biyar na barsu yadda aka rubuto, sai ɗan ragewa da nayi inda suka yi tsawo.

TAMBAYA: Slm Malam, dan Allah inaso ka warware min wani abu da ya hanani barci. An turo wani bidiyo a guruf ɗinmu na WhatsApp wai akwai wata ƙatuwar duniya sunanta Nibiru tana tahowa zata bugi tamu, ko ta gifta ta kusa ta juya ƙasa gabas ta koma yamma, wai mutanen Sumer sun zanata a jikin hatimi tun shekaru dubbai kuma NASA sun sani suna ɓoyewa ne kar mutane su rikice. Wlh har hoton hatimin aka nuna, rana a tsakiya ga duniyoyi kewaye da ita. Ya abin yake? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka kayi barcinka, babu wata Nibiru da ke tahowa, kuma ba lallashinka nake ba, bari kaji inda maganar ta samo asali sai ka yanke hukunci da kanka.

Wani marubuci ne, Zecharia Sitchin, haifaffen Baku da ya zauna a Amurka, ya fitar da littafi a 1976 yace ya karanta allunan yumɓu na mutanen Sumer, kudancin Iraƙi ta yau kenan, ya gano wai suna maganar wata duniya mai kewaya rana sau ɗaya a shekara 3,600 da wasu halittu Anunnaki da suka sauko daga cikinta. Masanan da suka ƙarar da rayuwarsu kan wannan rubutun, masu ƙamus ɗinsa da nahawunsa, basu karɓi fassararsa ba. Sunan Nibiru yana cikin allunan Babila da gaske, amma tauraron gunkinsu Marduk ne kuma a mafi yawan wurare Mushtari ake nufi, wato Jufita, wadda kai ma in ka fita da daddare a lokacinta zaka ganta tar da idonka.

Shi kuma hatimin da ka gani yana nan a gidan adana kayan tarihi na Balin a Jamus, lambarsa VA 243, ɗan ƙaramin dutse ne da ake mirginawa kan ɗanyen yumɓu a madadin sa hannu, kuma rubutun da ke jikinsa sunayen mutane ne da kalmar bawanka kawai, babu kalma ko ɗaya kan wata duniya. Abinda ke tsakiyar ma ba rana bace, su mutanen suna da yadda suke zana rana da wasu layuka masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa a tsakanin tsinayenta, wannan bashi dasu, zanen tauraro ne, ɗige-ɗigen kuma taurari, kamar yadda suke yin ɗigo bakwai in suna nufin kaza da 'ya'yanta. Toh ga inda abin yafi bani mamaki. Ɗigon guda 11 ne, Sitchin yace duniyoyi tara ne da watanmu da Nibiru. Ka lura da kyau, ya saka Fuluto saboda a 1976 littafin makaranta yana lissafa ta cikin tara, ya saka watanmu amma ya bar Ganymede watan Mushtari da Titan watan Zuhal, wato Saturn, waɗanda duk sun fi watanmu girma, sun ma fi duniyar Makyuri faɗi, kuma babu Eris, wata ƙaramar duniya da aka gano a 2005, wadda tafi Fuluto nauyi. Halittun da suka zo daga sama ace iliminsu ya tsaya daidai inda littafin firamare na 1976 ya tsaya? Su kansu mutanen Babila da suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta abinda suka gani a sama dare bayan dare, duniyoyi biyar suka lissafa, waɗanda ido ke iya gani.

Maganar karo kuwa ba Sitchin bane ma ya kawota. Wata mata ce a Amurka, Nancy Lieder, tun 1995 tace wasu halittun sama suna mata magana a cikin kai, sun gaya mata duniyar zata gifta a watan Mayun 2003 ƙasa ta daina juyi. Mayu yazo ya wuce. Sai masu bin maganar suka ɗauketa suka liƙa a kalandar mutanen Maya na Meksiko da Gwatamala, 21 ga Disamba 2012, ranar da wani babban zagaye na lissafinsu ya cika sabo ya fara, alhali su Mayan da kansu akwai rubutunsu a tsohon birninsu na Palenque da ke ambaton wata rana a shekarar 4772, kaga mutanen da ke jiran tashin duniya a 2012 bazasu yi wannan lissafin ba. Sitchin da kansa bai yarda da maganar 2012 ɗin ba. 2012 ta wuce sai wani David Meade yace 23 ga Satumba 2017. Ita ma ta wuce. Bidiyon da aka turo maka in ka bi diddigi zaka samu tsohon zance ne aka sauya masa shekara.

Kuma ka ɗan yi tunani a kan wannan, Zuhal tana nesa damu fiye da kilomita biliyan 1.2 amma ido na ganinta ba tare da madubin hangen nesa ba. Duniyar da ta rage mata watanni ko shekara biyu ta iso ai da tuni tafi kowane tauraro haske, da tuni ƙarfin janta ya karkatar da hanyar Mas da ta wata kowa ya lura. In sukace tana bayan rana ne, toh mu ai kewaya ranar muke, abinda ke bayanta yau nan da wata shida yana sararin dare. In sukace sai daga ƙarshen kudancin duniya ake ganinta, duk abinda ke saman can ai mutanen Ostireliya da Ajantina da Afirka ta Kudu suna kallonsa kullum. Ilimin ranar tashin alƙiyama yana wurin Allah shi kaɗai, bai baiwa mai bidiyon ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da idona naga hoton da ƙawata ta ɗauka da wayarta rana biyu a sama, babba da ƙarama a gefe, ba haɗi bane dan a gabana ta nuna min. Sannan kwanaki munga wasu fitilu a jere suna tafiya shiru da magriba kamar jirgin ƙasa. In ba wani abu ake ɓoyewa ba menene wannan? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: 'Yar'uwa na yarda dake ɗari bisa ɗari cewa hoton ba haɗi bane, ƙawarki batayi ƙarya ba. Kyamarar waya gilasai ne da yawa a jere, in haske mai ƙarfi ya shiga sai wani ɓangarensa yayi ta dawowa tsakaninsu ya fito a matsayin ɗan ƙwallo a hoton, sau da yawa kore-kore ko shuɗi. Ki gwada da kanki, ki saita wayar ki riƙa motsata a hankali zakiga ƙaramar ranar tana yawo, ta koma kishiyar inda babbar take, in kuma kika sa wani abu ya tare ainihin ranar daga kyamarar sai ƙaramar ta ɓace ɗif. Abinda ke sama da gaske bazai bi hannunki ba.

Akwai kuma wanda ido ke gani ba waya ba, shi yafi tsoratarwa. Giragizai na can ƙololuwa ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne masu kusurwa shida, hasken rana in ya ratsasu yana lanƙwashewa da kusan digiri 22, sai a ga zobe kewaye da rana ko haske biyu dama da hagu kamar rana uku, musamman tana ƙasa-ƙasa da safe ko yamma. An gansa a Ingila a 1461 ana shirin yaƙi, an gansa a birnin Stockholm na Suwidin ranar 20 ga Afrilu 1535 har aka zana shi, kuma a lokacin ma mutane sun ce alamar bala'i ce.

Fitilun jere kuwa taurarin ɗan adam ne na Starlink, na kamfanin SpaceX, tun Mayun 2019 suke harbasu da yawa a roka ɗaya, karon farko guda 60, a kwanakin farko suna tafiya a layi kafin su rarrabu, hasken rana suke maidowa shi yasa sai bayan magriba ko kafin asuba ake ganinsu. Ko wani haske mai murɗewa da ya firgita mutanen Norwe ranar 9 ga Disamba 2009, wanda har yau ake yawo da hotonsa wai ƙofar wata duniya ce, makami mai linzami ne na Rasha mai suna Bulava ya lalace a gwaji yana juyi yana fesar da mai.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya bana jin daɗin yadda irinku kuke saurin wanke Turawa. Duk abinda NASA ta faɗa sai kuce haka ne kamar wahayi. Waɗannan mutanen da suka yi ƙarya suka shiga Iraƙi sune bazasu ɓoye duniya ɗaya ba? Kuma ai su da bakinsu sun amsa, a 1983 jarida ta buga sun hango wata ƙatuwar aba, yanzu ma suna cewa akwai duniya ta tara. Jiya kuce babu yau kuce akwai. Ruwa baya tsami banza. Daga wani magidanci da baya yarda da kowa.

AMSA: Yallaɓai wannan wasiƙar tafi kowacce yi min daɗi, domin rabin maganarka gaskiya ce kuma bazan tauye maka ita ba. Gwamnatoci suna ƙarya. Makaman da aka ce Iraƙi na dasu a 2003 ba'a samesu ba. A Tuskegee daga 1932 har 1972 hukumar lafiyar Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani dan kawai a ga yadda cutar ke cin mutum. CIA tayi gwajin ƙwayoyi kan mutane ba da saninsu ba a shirin MKUltra sai a 1975 asiri ya tonu. Har a maganar sama ma sun yi, abinda ya faɗo a Roswell a 1947 sukace balan-balan ɗin auna yanayi ne, sai a 1994 rundunar sojin samansu ta amsa cewa na wani shirin sirri ne na sauraren gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyat, sansanin Area 51 kuma sai a 2013 CIA ta saki takardun da suka ambace shi da suna, inda ake gwada jirgin leƙen asiri U-2 da mutane suka riƙa gani suna cewa na halittun sama ne. Duk wanda yace maka ka yarda da gwamnati ido rufe ba masoyinka bane.

Amma duba duk waɗannan da na lissafa, abubuwa ne da ke cikin fayil, cikin ofis, cikin sansani mai katanga da masu gadi. Wannan ana iya ɓoyewa, shi ma ɗin na wani lokaci. Sama fa? Sama bata da katanga. Rasha na da nata madubin, Sin na da nata, Indiya, Japan, Iran, ƙasashen da wasunsu ko ga maciji basa yi da Amurka, wanne ne zai ga duniya na tahowa ya rufa wa NASA asiri? Bar ma gwamnatoci, akwai dubban mutane masu sha'awa kawai da ke kwana a bayan gida da madubinsu. A Yulin 2009 wani mutumin Ostireliya, Anthony Wesley, shi ya fara ganin baƙin tabo a jikin Mushtari inda wani dutse ya faɗa mata, shi ya sanar da masana ba su suka sanar dashi ba. Tauraro mai wutsiya Elenin da aka ce shine Nibiru a 2011, wani ɗan Rasha ne ya gano shi, kuma kafin ya iso kusa ma ya tarwatse. In rana ta fito tafin hannu baya kareta.

Labarin 1983 gaskiya ne an buga, Washington Post ce, na'urar IRAS mai ganin zafi ta hango wasu abubuwa da ba'a gane ba a lokacin, masanan suka lissafa abubuwan da zai iya zama ciki harda duniya mai nisa, jarida ta ɗauki wanda yafi daɗin kanun labari. Da aka bi su da manyan madubai sai aka samu tarin taurari ne masu nisan gaske da kuma ƙurar sararin samaniya. Masu bidiyo suna nuna maka labarin farko basa nuna maka na biyu.

Neman ɓoyayyar duniya kuwa ai tsohon aikin masana ne kuma a bainar jama'a suke yinsa. Bayan an gano Yuranus a 1781 aka ga tafiyarta bata bin lissafi, wani Bafaranshe Le Verrier ya zauna da alƙalami yace akwai wata a bayanta tana janta, ku duba wuri kaza, ya aika wasiƙa Balin, a daren 23 ga Satumba 1846 Johann Galle ya saita madubi ya samu Neftun ƙasa da digiri ɗaya daga inda aka nuna. Shi wannan Le Verrier ɗin ya sake cewa akwai wata kusa da rana har aka raɗa mata Vulcan, aka yi shekaru ana nema babu, sai a 1915 Einstein ya nuna lissafin ne ke buƙatar gyara. Percival Lowell ya ƙare rayuwarsa yana neman abinda ya kira duniyar X, nemanta ya kai ga gano Fuluto a 1930 amma ta cika ƙanƙanta, da kumbon Voyager 2 ya wuce ta Neftun a 1989 aka auna nauyinta daidai sai aka ga karkatar da ake zargi babu ita tun asali. Kaga sau ɗaya an dace sau biyu ba'a dace ba, kuma duk an rubuta.

Ta taran da kake magana, Konstantin Batygin da Mike Brown na jami'ar Caltech ne suka kawota a Janairun 2016, sun ga wasu ƙananan duwatsun ƙanƙara can bayan Neftun hanyoyinsu sun karkata gefe guda, sukace wataƙila wata duniya ce mai nauyin tamu kamar sau goma ke jansu, mai ɗaukar shekara dubu 10 zuwa dubu 20 kafin ta kewaya rana. Har yanzu ba'a ganta ba, wasu masanan ma suna musu suna cewa karkatar daga inda aka fi dubawa ne kawai. In ma tana nan, ko a mafi kusancinta tana can nesa da Neftun ninki-ninki, bata shigowa inda muke. Kuma mutumin da ke ɓoye abu baya buga lissafinsa yace duniya ta tayashi nema, sabon madubin Vera Rubin da ke ƙasar Cile wanda ya saki hotunan farko a Yunin 2025 yana cikin waɗanda ake sa ran zasu raba gardamar.

Abinda ya cancanci damuwa ƙananan duwatsu ne, su suna iya shammatarmu. Na Chelyabinsk a Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013 faɗinsa kamar mita 20, ya taho ta ɓangaren rana ba wanda ya gansa, ya fashe a sama mutum kusan 1,500 suka ji rauni yawanci daga fasassun gilasai. Wannan ne haɗarin gaske, kuma ba'a cika yi masa bidiyo mai kiɗan tsoro ba.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne, jikokina ne suka ɗaga min hankali. Sun nuna min ido ɗaya a kan dala a bayan kuɗin Amurka sukace idon Dujal ne na 'yan Illuminati, sukace dalar Masar ma ba mutane suka gina ba shi yasa ake samun irinta a ko'ina, har da hoton jirgi mai saukar ungulu a bangon fir'aunoni. Ina gaskiyar take? Daga wani kaka.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, ya raya jikoki. Idon yana nan a bayan takardar kuɗin Amurka ta dala ɗaya, ku gaya musu sun gani daidai. Bayan hatimin gwamnatin Amurka ne da aka amince dashi a 1782, hawa 13 na dalar jihohi 13 ne da suka kafa ƙasar, haruffan ƙasanta kuma 1776 ne da lambobin Rumawa, shekarar da suka ayyana 'yancin kai. Ido cikin kusurwa uku tsohon zane ne a cocin Turai tun kafin a san za'a yi wata Amurka, suna nufin Ubangiji na gani. Illuminati ƙungiya ce ta gaske, Adam Weishaupt ya kafata a Bavaria ta Jamus ranar 1 ga Mayu 1776, hukuma ta haramtata a 1785, kuma tambarin da aka santa dashi mujiya ce. A kwamitin farko na hatimin akwai ɗan ƙungiyar Freemason guda, Benjamin Franklin, shi kuwa abinda ya kawo zanen Annabi Musa ne da Fir'auna yana nutsewa a teku, ba'a ɗauka ba. Inda jikokinku ke da ɗan abin kamawa shine sai a 1935 aka ɗora zanen a takardar kuɗi, kuma shugaba Roosevelt da ya amince ɗan Freemason ne, su ma suna amfani da ido a tambarinsu. Wannan gaskiya ne, iyakarsa kenan. Dujal kuwa hadisai sun siffanta shi mutum ne mai shafaffen ido, wannan fage na malaman addini ne, ku tura yaran wurinsu maimakon TikTok.

Baba alama bata da ma'ana ɗaya har abada, mutane ke ɗora mata. Tauraro mai tsini shida da yau ke tutar Isra'ila, Musulmi sun daɗe suna zana shi da sunan hatimin Annabi Sulaiman, yana jikin kuɗin Maroko na ƙarni na 19. Alamar swastika da 'yan Nazi na Jamus suka ɗauka a 1920 ta shekara dubbai a Indiya tana nufin alheri, har gobe suna zanata. Jinjirin wata da tauraro ma suna kan tsabar kuɗin Farisa tun kafin Musulunci. Ganin zane iri ɗaya a wuri biyu baya nuna hannu ɗaya ne ya yi su.

Dala kuma, duk wanda zai tara dutse yayi tsawo ba tare da ƙarfe ko siminti ba dole ƙasa tayi faɗi sama ta tsuke, ko yaro ya tara yashi haka zai tsaya, shi yasa Masar da Sudan da Meksiko suka faɗa kan siffa ɗaya duk da akwai dubban shekaru tsakanin wasunsu. Kuma muna ganin yadda Misirawa suka koya da kuskure, akwai ta sarki Sneferu a Dahshur da aka fara da tsayuwa sosai, aka kai tsakiya aka ga zata bada matsala aka kwantar da ita, tana nan a lanƙwashe har yau. An tono garin ma'aikata da kaburburansu a Giza. A 2013 kuma a Wadi al-Jarf bakin Bahar Maliya aka samu takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, ya rubuta rana-rana yadda shi da mutanensa ke lodin farin dutse a jirgin ruwa daga Tura su bi kogin Nilu su kai wurin ginin dalar Khufu, shekara kusan 4,500 kenan. Wallahi abin yana min ciwo, mutanen Afirka su yi aikin da ya gagari tunani, har sunan mai kula da lodin dutse muna dashi, sannan a zo ace ai bazasu iya ba sai dai halittun sama, mu kuma mu tayasu yaɗawa.

Jirgi mai saukar ungulun yana haikalin Seti na ɗaya a Abydos. An sassaƙa laƙabin Seti, ɗansa Ramses na biyu ya hau mulki aka cike da filasta aka sassaƙa nasa a kai, filastar ta zube da tsufa rubutu biyu suka hau juna. Masu karanta rubutun suna iya ware kowanne su karanta shi daban.

TAMBAYA: Malam yayana ne ya shiga wannan harkar sosai, kullum cikin YouTube, duk husufin wata yace jini ne alamar ƙarshe, har ya fara cewa karatun yara bashi da amfani tunda komai ya kusa ƙarewa. In nayi magana sai faɗa, yace an wanke min kai. Ya zanyi dashi? Daga ƙanwa mai damuwa.

AMSA: Ƙanwata wannan ba abin wasa bane kuma kinyi daidai da kika damu. A Maris 1997 mutum 39 'yan wata ƙungiya a Kalifoniya suka kashe kansu saboda an gaya musu akwai jirgin halittun sama a bayan tauraro mai wutsiya Hale-Bopp. Ba ina cewa yayanki zai kai can ba, amma maganar da ta fara taɓa karatun yara ta wuce hira.

Kar ki masa dariya kuma kar ki ƙure shi gaban mutane, yayanki ne, in kika kunyata shi zai ƙara riƙe abin ne dan kare girmansa. Ki same shi shi kaɗai ki fara da inda yake da gaskiya, kice Yaya na yarda ana mana ƙarya a abubuwa da yawa, sannan ki tambaye shi cikin ladabi, wace rana ce mai bidiyon ya faɗa, kuma in ranar ta wuce ba abinda ya faru me zamu ce game dashi? Ku rubuta ranar a takarda ku biyun. Mutum baya sauka daga irin wannan a zama ɗaya, sai a hankali, kuma yawanci tsoro ne ko wata damuwar daban ke ƙarƙashi, ki saurare shi ko akwai abinda ke cinsa.

Jan wata kuwa, ƙasa ce ke shiga tsakanin rana da wata, ɗan hasken da ya ratso ta iskar da ke kewaye damu jan ne kawai ke kaiwa gare shi, dalilin da ke sa sama tayi ja da faɗuwar rana kenan. Mutanen Babila ma sun san husufi na maimaituwa duk bayan shekara 18 da kwana 11. Ki tuna masa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana tayi husufi mutane sukace saboda rasuwar ne, Annabi da kansa ya gyara musu yace rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah basa husufi dan mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarci ayi sallah da addu'a.

A takardar nan taku ki ƙara rana ɗaya a ƙarƙashin tasa. Masana sun ce in Allah ya kaimu 2 ga Agusta 2027 wata zai rufe rana ruf, duhun zai bi ta kudancin Sifen da arewacin Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ya kai sama da minti shida a Luxor ta Masar, ya ratsa Jidda da Makka ya wuce Yaman da Somaliya, ƙasashe masu yawa na kewaye kuma zasu ga wani ɓangare. Ku ajiye takardar ku ga ta wa zata cika. In ranar tazo kar ku kalli rana kai tsaye ko da baƙin tabarau, yana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba, akwai gilashi na musamman da ake yi dan kallon husufi, ki nemo guda biyu tun da wuri har da na yaran in da hali.